Ƙwayar suga ba ta san ka ci ko ba ka ci ba

Da wuya a sami mai ciwon suga a Agege da bai san Daonil ba. Sunansa na asali glibenclamide, yana cikin dangin magungunan da ake kira sulfonylurea, waɗanda ƙirarsu ta ginu a kan yuriya, sinadarin da manomanmu suka sani a buhun taki. A 1942 wani likita a Montpellier ta Faransa, Marcel Janbon, yana gwada wani magani a kan masu taifot, sai ya ga sugan jininsu na faɗuwa har wasu na suma. Daga nan aka gano amfanin wannan dangin magunguna.

Aikin Daonil shi ne tilasta wa jiki ya saki insulin, ko akwai abinci a ciki ko babu. Nan haɗarin yake. Ɗan kasuwa ya haɗiyi ƙwaya da safe, ciniki ko cunkoson Legas ya hana shi karyawa, kafin azahar gumi ya keto masa, jiki na rawa, magana na harɗewa. Sau da yawa sai a ce iska ce, a tsaya tofi, alhali cokali uku na sukari a ruwa ko lemon kwalba yake bukata. In ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai. A garzaya da shi asibiti, domin ƙwayar na daɗewa a jiki, sugan na iya sake faɗuwa bayan ya farfaɗo. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda sun fi shiga wannan hali. Mai niyyar azumi kuwa ya ga likita tun cikin Sha'aban, a sauya masa lokaci ko magani.

Wanda ba shi da suga ma bai tsira ba. A 2008 an kwantar da mutum 150 a asibitocin Singafo bayan sun sha maganin ƙarfin maza na bogi da aka cakuɗa da glibenclamide. Huɗu suka rasu. Don haka gari ko kafso marar lambar NAFDAC da aka miƙo maka a tasha ko a kasuwar Jankara, shi kansa mai sayarwar ba lallai ya san abin da ke ciki ba. Haɗa Daonil da tsimin rage suga kuma, sai an fara gaya wa likita.