Asalin Bishiyar Kirsimeti da Matsayin Musulmi a Kanta

TAMBAYA:

'Ya'yana sun ga bishiya mai fitilu a gidan maƙwabtanmu Kiristoci, sun matsa mini in sayo musu irinta. Mene ne asalinta? Kuma ya halatta in ajiye ta a gidana don ado kawai?

AMSA:

Ɗan'uwa, ka kyauta da ka yi tambaya kafin ka aikata.

Wannan al'ada ta Turai ce. A can hunturu yakan zo da dusar ƙanƙara, itatuwa su kaɗe ganye, sai wasu 'yan kaɗan da ke zama kore duk shekara. Tun kafin Kiristanci ya isa wurinsu, mutanen Turai suna ƙawata gidaje da koren rassa a tsakiyar sanyi, alamar cewa rayuwa za ta dawo. Rumawa ma suna yin haka a bukukuwansu na wannan lokaci.

Bishiyar kamar yadda aka san ta yau kuwa, daga ƙasashen Jamusawa ta fito. Suna wani wasan kwaikwayo na ƙissar Annabi Adamu (AS) da Hauwa'u ranar 24 ga Disamba, inda ake kafa itace a rataya masa tuffa a matsayin bishiyar Aljanna. Daga baya ta shiga cikin gidaje. Akwai rubutu na shekarar 1605 daga birnin Strasbourg da ya ambaci yi mata ado da furannin takarda da tuffa. A 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albert, Bajamushe, tare da 'ya'yansu a gefen bishiyar, sai jama'ar Ingila suka ɗauka. Jamusawa 'yan ƙaura su suka kai ta Amurka, a can kuma aka fara sa mata fitilun lantarki a birnin New York a 1882. Fadar Fafaroma ba ta fara kafa ta a dandalinta ba sai 1982.

Ka ga ke nan ba ta da alaƙa da zamanin Annabi Isa (AS), babu ta a Linjilar da ke hannunsu. Ma'anar da suka ba ta daga baya ita ce: korenta rai madawwami, fitilunta hasken Almasihu, tauraron da ke samanta kuma wanda suka ce ya bayyana lokacin haihuwarsa. Adalci ne mu faɗa cewa Kiristoci ba sa bauta wa bishiyar, wasu ma da ba ruwansu da addini suna kafa ta don al'ada. Amma duk da haka alama ce ta idin da aka gina a kan cewa Isa ɗan Allah ne, abin da Suratu Maryam da Suratul Ikhlas suka kore.

Saboda haka bai halatta Musulmi ya kafa ta a gidansa ba, ko da sunan ado. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Waƙid Allaisi cewa a hanyar Hunain wasu sababbin shiga Musulunci sun roƙi Manzon Allah (SAW) ya sanya musu bishiya irin Zatu Anwaɗ, wadda mushirikai ke rataya makamansu a kanta. Sai ya tsawatar, ya kamanta roƙonsu da na Banu Isra'ila ga Annabi Musa (AS).

Wannan bai hana kyautata wa maƙwabci ba. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba da damar alheri da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. Ku gaisa, ku duba marar lafiyarsu, kada yaranka su yi musu izgili.

Su kuma yaran, kada ka kore su da tsawa. Zaunar da su ka karanta musu ƙissar Nana Maryam a gindin dabino, sannan ka faranta musu rai a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da sababbin kaya da kyauta, har su san suna da nasu idin.

Allah ne mafi sani.