Wace Waya Ta Dace da Siliman Gidanka?

Mutum zai zuba miliyoyin naira ya sayi amfilifaya da lasifikoki biyar ko bakwai da wufa, har ya ƙara da na silin saboda Dolby Atmos, amma da an zo maganar waya sai lissafi ya kwance masa. Wani ya bar wa yaron da ya zo haɗa kayan ya sayo duk wadda ya ci karo da ita a kasuwa. Wani kuma mai shago ya ɗauko masa wata mai ƙyalli a cikin kwali, ya ce ita ce za ta buɗe sautin. Na farko ya shaƙe kayansa, na biyu kuwa kwali ya saya.

Wayar lasifika ce ta fi cin tsawo, ita ce kuma aka fi cutar mutane a kanta. Aikinta ɗaukar ƙarfin wuta daga amfilifaya zuwa lasifika, babban abin da ke rage mata aiki kuma shi ne turjiya, wato yadda ƙarfe ke tauye wutar da ke bi ta cikinsa. Kamar bututun ruwa take: siriri mai nisa yana rage ƙarfin famfo, mai faɗi kuwa ya kawo ruwan yadda ya taso. Idan ka duba bayan lasifikarka za ka ga an rubuta om 8, ko 6, ko 4. Ƙa'idar da Roger Russell, tsohon injiniyan lasifika a kamfanin McIntosh na Amurka, ya gina jadawalinsa a kai ita ce kada turjiyar waya, zuwa da dawowa, ta haura kashi 5 cikin 100 na ta lasifikar.

Wayoyin da ake shigo da su suna ɗauke da lambar AWG, ma'aunin Amurka, wanda ke tafiya a juye: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Mai lamba 16 tana isar lasifika mai om 8 har kusan mita 15, amma ga mai om 4 ba ta wuce mita 7. Mai lamba 14 tana kai mita 24 ga mai om 8, rabin haka ga mai om 4. Mai lamba 12 ta sauran manyan ɗakuna ce. Masu aikin wuta a wajenmu ba da wannan lamba suke magana ba, 1.5 da 2.5 suka sani. To 1.5 ta ɗan ɗara lamba 16, ita kuma 2.5 tana tsakanin 14 da 12, kuma da wuya a sami falon da za ta gaza a cikinsa. Sai dai a auna hanyar da wayar za ta bi, ta gindin bango da saman ƙofa da cikin silin. Lasifikar baya da kake hange taku shida daga amfilifaya tana iya cin mita 15.

Inda ake cin amanar mai saye shi ne ƙarfen da ke ciki. Kasuwa cike take da waya wadda alminiyam ce aka yi wa fenti da jan ƙarfe, masu gaskiya daga cikin masu ƙera ta kan rubuta CCA a jikinta. Alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka yake iya ɗauka, ga saurin karyewa a bakin maɗauri. Ka sa a yanko maka ɗan guntu a shago, ka kankare silin wayar da wuƙa. In fari ya leƙo, ka san abin da ake sayar maka. Shi kuwa jan ƙarfen da ake wa kirari da OFC, wanda aka tace wa iskar oksijin, bai fi na yau da kullum da abin da ya wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. In farashinsa ya yi daidai a saya, amma kunne ba ya jin wannan bambanci.

Musun waya mai tsada ya daɗe a Turai da Amurka. A 2007 James Randi, wanda ya shahara wajen tona asirin masu da'awar abin al'ajabi, ya sa kyautar dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai iya bambance wasu wayoyin lasifika na dala 7,250 da na kasuwa ta hanyar sauraro kawai, ba tare da ya ga wadda aka jona ba. An yi ta cacar baki, gwajin bai yiwu ba, kuɗin kuma ba wanda ya karɓa.

Maganar HDMI daban ce, domin lambobi take ɗauka. Ko dai su isa lafiya ko kuma ka ga hoto yana walƙiya, sauti yana yankewa. Ba ta da wani zaƙi da tsada za ta ƙara mata. Abin dubawa shi ne yawan bayanan da take iya turawa. Mai shaidar Premium High Speed tana ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa, ta wadatar da yawancin finafinan 4K. Mai shaidar Ultra High Speed tana kai gigabit 48, ita ce ta masu wasan bidiyo da sababbin talabijin. Ta gaskiya tana zuwa da tambarin QR a kwalinta da za ka iya tantancewa da wayar hannunka. In nisan ya haura mita biyar, kamar mai majigi a silin, a nemi HDMI mai zaren haske, kuma a lura tana da kai da gindi: an rubuta gefen da ke shiga majigi. Wanda ya binne ta a juye sai ya sake farke silin.

Wajen haɗa talabijin da amfilifaya ne da yawa ke yin asarar Atmos ɗinsu ba su sani ba. Wayar haske ta TOSLINK, wadda Toshiba ya fito da ita a 1983, har yanzu tana aiki, amma iyakarta Dolby Digital da DTS na lasifika biyar da wufa. Ba ta ɗaukar Dolby TrueHD. Don cikakken sauti daga talabijin zuwa amfilifaya sai ƙofar HDMI mai rubutun eARC, wadda ta zo da HDMI 2.1 a 2017, kuma dole duka na'urorin biyu su kasance da ita.

Wayar wufa mai kan RCA siginar da take ɗauka ba ta da ƙarfi, don haka tana son rufi mai kyau a ciki, kuma kada a jera ta da wayar wutar gida. Idan wufa na gurnani ko ba a kunna komai ba, kafin ka zargi wayar, zare ta dish daga risiba ka saurara. Sau da yawa daga nan matsalar take, ko daga jona kayan a soket daban-daban. Kada ka yarda wani ya karya ƙafar ƙasa ta fulogi da sunan magani, ita ce ke kare ranka. Mai manyan kayan da ke da ƙofar XLR ya yi amfani da ita, an gina ta ne don kashe irin wannan ƙara a doguwar tafiya.

Wajen ɗauri, ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a kowace lasifika. In aka juya guda ɗaya, ƙugin sautin zai ragu, muryar 'yan wasa ta rasa tsakiya. Kada a bar sili ko ɗaya ya taɓa maƙwabcinsa, don yana iya kashe amfilifaya. Mai gini kuma ya sa bututun roba tun kafin filasta, ya huta da ɓera da fasa bango.

Kuɗin da ya rage maka bayan ka sayi jan ƙarfe na gaske mai kaurin 2.5 da HDMI mai shaida, ka kai shi wajen situbilaiza mai kyau da na'urar kare kaya daga tsallen wuta. A gidan da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da inbata, su ne suka fi cancantar kuɗinka.