Na'urar haƙar kirifto da kwandalar Bitcoin: Abin da ya kamata mai saye ya lissafa kafin ya biya

A zaurukan WhatsApp da Telegram na 'yan kasuwa da ma'aikata, wasu kaya iri biyu sun zama ruwan dare wajen talla. Na farko akwatin ƙarfe ne mai fankoki gaba da baya, wanda ake cewa yana samar wa mai shi kuɗi ko yana barci. Na biyu kwandala ce mai ruwan zinare ɗauke da alamar Bitcoin. Mutumin da ya saba ya taɓa haja, ya juya ta, kafin ya yi tayi, ya fi samun natsuwa da waɗannan fiye da wasu lambobi a fuskar waya. Dukkansu suna da kasuwa ta gaskiya a duniya, sai dai abin da ke yanke farashinsu ba ya cikin ƙarfen da ido ke gani.

Duk bayan kimanin minti goma ake rufe sabon shafi a kundin hada-hadar Bitcoin. Dubban na'urori a faɗin duniya suna tseren cinkar wata lamba, kuma wadda ta riga sauran ita ke karɓar lada. Wannan tseren ne matasa ke kira mainin, wato haƙa. A shekarar 2009 ladan Bitcoin 50 ne, kuma kwamfutar gida tana iya samun sa. Tsarin yana raba ladan biyu kusan duk shekara huɗu: ya koma 25 a 2012, ya koma 12.5 a 2016, sai 6.25 a 2020, sannan 3.125 a watan Afrilun 2024. Ban da haka, kusan duk mako biyu tsarin yana daidaita wahalar lissafin da kansa, ta yadda idan na'urori suka ƙaru, rabon kowace sai ya ragu. Shi ya sa mai na'ura ɗaya ba ya haƙa shi kaɗai. Yakan shiga gungun mahaƙa, a raba abin da aka samu gwargwadon ƙarfin da kowa ya kawo.

Tun 2013, lokacin da na'urar Avalon ta fito daga China, aikin ya koma hannun injunan da aka ƙera musamman domin wannan lissafi. Kamfanoni uku na ƙasar China ne suka mamaye kasuwar: Bitmain mai Antminer, da MicroBT mai Whatsminer, da Canaan mai Avalon. Ana auna ƙarfinsu da tirahash, wato cinka tiriliyan ɗaya a daƙiƙa. Antminer S9 ta 2016 tana yin kimanin 14. S19 Pro ta 2020 tana yin 110 da wutar wat 3,250. S21 da ta biyo baya tana yin 200 da wat 3,500, kusan ninki biyu ke nan da wutar da ba ta fi waccan da yawa ba. Sabuwa na fitowa, ta jiya ta faɗi, kuma ba ta da wani amfani na daban. Tsohuwar waya ko firji suna samun mai so. Na'urar da ta daina biyan kuɗin wutarta sai 'yan gwangwan.

Wannan ne ya sa kasuwar gwanjonsu ke da faɗi. A tsakiyar 2021 gwamnatin China ta hana haƙa a ƙasarta, injuna masu ɗimbin yawa suka watsu zuwa Amurka da Kazakhstan, wasu suka faɗa hannun dillalai. A ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ta daina amfani da haƙa baki ɗaya, waɗanda suka tara katunan hoto na kwamfuta domin haƙarta suka wayi gari da kayan da farashinsu ya rushe. Bayan rabewar lada ta 2024 kuma manyan kamfanoni suka shiga zubar da tsofaffin injunansu. Da yawa daga abin da ake tallatawa da araha daga irin wannan zubin ya fito. Wanda ya sayar ya riga ya yi lissafinsa ya ga babu riba, kuma galibi wutarsa ta fi ta mai saye sauƙi.

Lissafin ba mai wuya ba ne. S19 Pro idan ta yi awa 24 tana aiki, za ta sha yunit 78 na wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, kafin daga baya a ɗan sassauta shi zuwa sama da naira 200 kaɗan. A kan naira 225, kuɗin wutar yini guda naira 17,550 ne, fiye da rabin miliyan a wata. A watannin da suka biyo bayan rabewar ladan, abin da irin wannan na'ura ke samowa a yini yana tsakanin dala huɗu zuwa bakwai, wanda ko a ranar da ta fi kyau bai kai naira 12,000 ba a canjin lokacin. Ma'ana, mai ita yana cikawa daga aljihunsa kullum, tun ba a zo maganar kuɗin saye da na dako da na kwastam ba. Janareta kuwa ƙara zurfin ramin yake yi. Masu tunanin sola su tuna cewa na'urar ba ta hutawa da dare, don haka sai an tanadi baturan da kuɗinsu zai ninka nata.

Inda harkar ta zauna da gindinta a Afirka shi ne Habasha, saboda wutar madatsun ruwa mai araha, musamman babbar madatsar da aka gina a kan Kogin Nilu. Mahaƙa suna bin wuta ne duk inda ta fi sauƙi, kamar yadda makiyayi ke bin ciyawa.

Sai kuma yanayi. Kusan duk wutar da na'urar ta sha tana fitar da ita ne a matsayin zafi, tamkar an kunna dutsen guga uku a ɗaki ba a kashewa. A bazarar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce maki 40, takan kashe kanta ko ta ƙone allo. Ƙurar hunturu tana toshe hanyoyin iskarta. Ƙarar fankokinta kuma ba abin da maƙwabci zai jure ba ne. Wanda ya taɓa kwana kusa da injin niƙa zai gane.

Duk da haka, wanda yake da wuta mai sauƙi kuma ya ƙudurta saye, kada ya wadatu da hoto ko bidiyo. Yawancin waɗannan injuna alluna uku ne a ciki, kuma ɗaya na iya mutuwa fanka tana ci gaba da juyawa. A kunna ta a gabansa na tsawon awanni, a haɗa ta da asusunsa na gungun mahaƙa, ya ga adadin da gungun ya ƙirga, domin shafin na'urar kanta ana iya yi masa kwaskwarima. Akwai kuma gurɓatacciyar manhaja da ake dasawa, wadda ke karkatar da wani kaso na aikin zuwa asusun wani can daban, don haka masu saye na gaske sukan goge manhajar su ɗora ta kamfanin. Tayin da ya fi haɗari shi ne na “ka saya, mu riƙe maka a gonarmu ta ƙasar waje, ka riƙa karɓar riba”. Akwai masu yin hakan da gaskiya, amma rigar da 'yan damfara suka fi sakawa ke nan, kuma alamarsu ita ce ribar da aka ƙayyade tun farko, alhali abin da haƙa ke kawowa yana sauyawa kullum. Waɗanda MMM ta cinye wa kuɗi a 2016 da waɗanda CBEX ta rufe da nasu a Afrilun 2025 sun san ƙarshen irin wannan alkawari.

Ita kwandala labarinta daban ne. Kasuwannin ƙasar Hausa sun daɗe da sanin dalar azurfa ta Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780, wadda darajarta ke jikin azurfarta. Bitcoin ba shi da jiki, kuma babu wata hukuma da ke buga shi. Kwandala mai walƙiya da ake sayarwa a shagunan intanet kayan ado ce ta ƙaramin ƙarfe da aka yi wa rufi. Babu ko ɗigon Bitcoin a cikinta.

Amma akwai na gaske. A 2011 wani Ba'amurke mazaunin jihar Utah mai suna Mike Caldwell ya fara buga sulallan da ya kira Casascius. A bayan kowanne ya ɓoye mabuɗin sirri na wani asusun Bitcoin, ya rufe da tambari mai walƙiya wanda idan aka ɓare shi yake barin zane irin na saƙar zuma. Ya yi na Bitcoin 1 da 10 da 25, har da na 1,000. A watan Nuwamban 2013 ya daina sayar da masu kuɗi a ciki, bayan hukumar FinCEN ta Amurka ta sanar da shi cewa aikin nasa ya shiga sahun masu tura kuɗi, waɗanda doka ta wajabta wa rajista. Tunda ba a ƙara bugawa ba, kuma duk wanda aka ɓare ya fita daga lissafi, masu tara kayan tarihi suna biyan fiye da ƙimar Bitcoin ɗin da ke ciki. Manyan gidajen gwanjon sulalla a Amurka, irin su Stack's Bowers da Heritage, suna sayar da su, bayan kamfanonin tantancewa kamar PCGS da NGC sun duba sun rufe su a cikin roba.

A jikin tambarin akwai haruffa takwas na farkon adireshin asusun, waɗanda kowa zai iya bi ya duba a kundin Bitcoin ko kuɗin na nan. Sai dai wannan yana nuna cewa kuɗin na nan ne kawai; ba ya nuna wa da wa suka san mabuɗin. A taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON na 2013 a Las Vegas, wasu sun nuna yadda za a ɗaga tambarin da sinadari, a karanta mabuɗin, a mayar da shi kusan ba alama. Wanda ya kwafi mabuɗi yana iya sayar da kwandalar yau, ya kwashe kuɗin baɗi. Akwai na jabu ma da aka buga da adireshin na gaske. Idan kuwa batun sababbin masu bugawa ne, mai saye yana dogaro ne da amanar mutumin da ya ga mabuɗin kafin ya rufe shi. Kwandalar da aka riga aka ɓare tana da 'yar daraja a wurin masu tarawa, amma fanko ce.

Ta fuskar doka, Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto a watan Fabrairun 2021, ya ɗage hanin a Disamban 2023. Dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025 kuma ta sanya kadarorin dijital a ƙarƙashin hukumar SEC, ta kuma tanadi hukuncin ɗauri ga masu tsarin damfara irin na MMM. Duk wanda ke karɓar kuɗin jama'a da sunan jarin haƙa, ana iya tambayarsa shaidar rajistarsa da hukumar. Ciniki tsakanin mutum biyu a Telegram kuwa, idan aka biya da kirifto babu bankin da zai dawo da kuɗin, shi ya sa dillalan da suka daɗe a harkar ke ajiye kuɗi a hannun amintaccen na uku, ba a sakin su sai kaya sun iso kuma an gwada.