Rawa a Natse: Motsa Jiki ga Tsofaffi Masu Ciwon Suga da Ƙoda

Manoman Gangara sun san gangar noma tun suna yara. To, wannan kiɗan zai iya taimakon dattijon da ciwon suga ya fara taɓa masa ƙoda.

Suga idan ya daɗe da yawa a jini, yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda masu tace jini. Hawan jini kuma yana gaggauta ɓarnar. Da farko ba a jin komai, sai awon fitsari da na jini ne ke nuna ta. In ƙoda ta gaza sai wankin ƙoda a manyan asibitoci, nesa da Damargu.

Motsa jiki yana rage suga da hawan jini. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci tsofaffi su motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Rawa a natse tana cikin wannan. Ba tsalle ba ne. A taka a hankali, a ɗaga hannuwa, a sa hankali ga numfashi da inda ƙafa ke sauka. Mata na iya yi a cikin gida da kiɗan ƙwarya. Wanda gwiwa ta hana, ya yi a zaune.

A fara da minti goma, da sanyin safiya ko bayan la'asar. A sa takalmi, domin miki a ƙafar mai suga yana wuyar warkewa. Mai allurar insulin ya riƙe dabino, ko da jiri ko karkarwa za su zo. A tambayi malamin asibiti tukuna, musamman mai kumburin ƙafa.