Ƙunshi Ɗaya Ya Fito Sau Biyu: Kafin a Ce Na'ura Ta Lalace

A shagunan kwamfuta na Gwarzo da Kabo, inda ɗalibai ke zuwa duba sakamakon NECO ko cike fom ɗin shiga makarantu, kukan da aka fi ji shi ne sabis ba kyau. Na'urar Wi-Fi tana kunne, kwamfuta ta kama, amma shafi ya ƙi buɗewa. Idan aka kira mai gyara ya buɗe Wireshark, manhajar kyauta da Gerald Combs ya fara a 1998, ya ga ƙunshin bayani guda yana fitowa sau biyu ko uku, sai a yanke hukunci nan take: ko an yi kutse, ko na'ura ta lalace, a sayo sabuwa. Akasari babu ko ɗaya.

Maimaitawar nan da gangan aka gina ta cikin ƙa'idar Wi-Fi, wato 802.11, tun fitowarta a 1997. Duk ƙunshin da aka aika wa wata na'ura, sai ta mayar da amsa cewa ya iso. Kamar ka kira mutum a cikin hayaniyar kasuwa ne: muddin ba ka ji "na'am" ba, sai ka sake kira, alhali wataƙila ya ji ka, amsarsa ce ta ɓace. Na'urar da ta aika sai ta sake aikawa, ta sa alamar maimaici a kan ƙunshin, ta bar masa lambarsa ta farko. Lambobin suna tashi daga 0 zuwa 4095 sannan su koma farko. Mai karɓa in ya ga lamba ɗaya da wannan alama, sai ya watsar da na biyun. Mai shago ba ya ganin wannan duka. Mai sauraron iska da manhaja ne kaɗai ke gani.

Don haka tambayar farko ita ce: alamar maimaicin tana nan? In tana nan kuma da yawa, hanyar iska ce ba lafiya. Nisa ne, ko kaurin katanga, ko an jibge na'urar a ƙasan tebur bayan firinta, ko maƙwabta duk sun taru a tasha ɗaya. A zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa shiga juna, kuma canza tasha ko ɗaga na'urar sama ba ya cin ko kwabo. In kuwa babu alamar, a duba mai binciken kansa: wanda ya ɗauki bayani ta wuri biyu a lokaci ɗaya zai ga komai ninki biyu, ba tare da wata cuta ba. Akwai kuma maimaicin da ke zuwa daga nesa, inda ƙunshi ya ɓace tsakanin turken kamfanin waya da can inda shafin yake. Wannan, ko ka sayi na'ura goma, ba zai gyaru a shagonka ba.

Abin da ke damuna shi ne kuɗin da ƙananan masu sana'a ke zubarwa a kan zato. Alhali masu taimako suna kusa: sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana kan titin Gwarzo ne, kuma 'ya'yan waɗannan garuruwa suna karatun kwamfuta a can. Ɗalibai, in kun dawo hutu, ku zauna da masu shagunan garinku ku koya musu karanta wannan alama.