Na'urar Da Ke Manta Karatunta In An Ɗauke Wuta

A ranar 21 ga watan Yuli na 2008, Magajin Garin San Faransisko ta ƙasar Amurka, Mista Gavin Newsom, ya tafi gidan kurkuku da ƙafarsa domin ya gana da wani mutum da ke tsare. Abin da ya kai shi kuwa shi ne karɓo waɗansu kalmomi 'yan kaɗan, wato kalmomin sirri na shiga na'urorin da suka haɗa kwamfutocin hukumar birnin. Kwana 12 ke nan hukumar tana kallon na'urorinta suna aiki, amma babu ma'aikacinta ko ɗaya da ke iya shiga cikinsu ya gyara wani abu.

Shi wannan mutum, Terry Childs, shi ne injiniyan da ya tsara na'urorin, kuma shi kaɗai ya san mabuɗansu. Da shugabanninsa suka nema, sai ya hana su. Abin da ya ƙara tayar da hankali shi ne, an bayyana a gaban shari'a cewa a waɗansu na'urorin ya bar tsarin aikinsu cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi kawai, ta yadda in wuta ta ɗauke tsarin zai goge, kwafinsa kuwa yana hannunsa. A 2010 kotu ta same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin shekara 4. Darasin da ke cikin wannan labari ya shafi kowane banki, asibiti, jami'a ko ma'aikata da ta haɗa kwamfutocinta da waya.

Na'urar da ke tsakiyar irin wannan haɗi ana kiranta suwic. Wani shafaffen akwati ne na ƙarfe mai ramuka a gaba, galibi 24 ko 48, kuma kowace kwamfuta ko na'urar buga takardu tana da wayarta da ke shiga rami guda. Aikinta ya yi kama da na ma'aikacin gidan waya mai rarraba wasiƙu. Kowace kwamfuta tana da lambarta ta musamman, ita kuwa suwic takan lura da ramin da saƙon kowace lamba ke fitowa, ta riƙe. In saƙo ya zo wa wannan lamba, sai ta miƙa shi ga ramin da ya dace kaɗai. Kamfanin Kalpana ne ya fara sayar da irinta a 1990, kafin kamfanin Cisco ya saye shi a 1994.

Ƙananan da ake sa wa a gida ko kanti ba su bukatar kome, da an jona su sai aiki. Manyan kuwa sai an karantar da su. Injiniya yakan haɗa kwamfutarsa da suwic ta wata waya ta musamman, wadda a kayan Cisco ke da launin shuɗi mai haske, sa'an nan ya riƙa rubuta mata umurni layi bayan layi. Da fari yakan raɗa mata suna, domin kada a rikita ta da 'yan'uwanta. Sai ya sa mata kalmar sirri, ya ba ta adireshin da za a riƙa samunta daga nesa. A nan masu aikin sun fi son hanyar da ake kira SSH, domin tsohuwar hanyar Telnet tana aika kalmar sirri a fili, duk mai saurare a kan wayar yana iya karanta ta.

Bayan haka sai rabon gida. Ana iya kasa suwic ɗaya ta zama kamar sassa dabam-dabam, abin da ake kira VLAN, ta yadda kwamfutocin ofishin kuɗi ba za su ji abin da na ɗalibai ko na baƙi ke faɗa ba, ko da yake duk a akwati ɗaya suka haɗu. Injiniya mai hankali yakan rubuta a kan kowane rami inda wayarsa ta nufa, ya kuma rufe ramukan da ba a amfani da su, don kada wani ya shigo ya jona tasa kwamfutar. Wannan aiki yana iya cin yini guda a na'ura ɗaya, kuma gyare-gyaren da ke biyo baya sukan taru shekara da shekaru.

To, a nan gizo ke saƙar. A yawancin suwic na Cisco, duk umurnin da aka rubuta yana fara aiki nan take, amma yana zaune ne a ƙwaƙwalwar da ke rayuwa da wuta. Misalinsa kamar rubutun almajiri ne a kan allo, wanda ruwa kaɗan ke wanke shi. Akwai wata ƙwaƙwalwa ta biyu da ba ta gogewa, kamar takarda, kuma daga ita na'urar ke karanta tsarinta duk sa'ad da aka kunna ta. Abin da ke kan allon ba ya komawa takardar sai an ba da umurni, wato copy running-config startup-config. Wanda ya manta da wannan layi ɗaya, na'urarsa tana iya yin watanni tana aiki lafiya lau, ran da wuta ta ɗauke ta farka da tsohon karatu. A Nijeriya, inda ɗaukewar wuta da komawa kan janareta abu ne na yau da kullum, wannan rana ba ta da nisa.

Har ila yau wannan mantuwa tana da nata amfanin ga wanda ya san ta. Mai gyaran suwic daga wani gari yana iya yin kuskuren da zai yanke hanyar da shi kansa yake bi. Saboda haka ƙwararru kan fara umurtar na'urar da ta kashe kanta ta sake tashi bayan minti 10, da umurnin reload in 10. In gyaran ya yi kyau, sai su soke umurnin su adana. In kuwa ya rufe musu ƙofa, sai su jira, na'urar ta koma tsarinta na dā da kanta.

Amma takardar da ke cikin akwatin tare take ƙonewa da shi in tsawa ta faɗa ko wuta ta zo da ƙarfi. Don haka dole a fitar da kwafi waje. Tsarin suwic rubutu ne kawai, ɗan ƙarami, wanda ana iya aika shi zuwa wata kwamfuta ta hanyar TFTP ko SCP, ko a sa shi a filashi in na'urar tana da ramin USB. Hanyar TFTP mai sauƙi ce, sai dai ba ta ɓoye abin da take ɗauke da shi, ga shi kuwa a cikin rubutun akwai kalmomin sirri, waɗansu ma a cikin wata tsohuwar suturar da ake warwarewa cikin daƙiƙa. Kwafin ke nan yana bukatar tsaro irin na makullin sito. Bugu da ƙari, a suwic da yawa na Cisco bayanin sassan VLAN yana zaune a wani fayil na dabam mai suna vlan.dat, wanda sau da yawa akan manta da shi. Manyan ma'aikatu kan yi amfani da manhajoji irin su RANCID ko Oxidized, masu zagayawa da kansu suna ɗebo kwafi, suna kuma nuna layin da aka sake da ranar da aka sake shi.

Saura abu biyu da ba na injiniya kaɗai ba ne, na shugaban ma'aikata ne. Na farko, a gwada mayar da kwafin cikin wata na'ura tun ana zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, kada kwafin da kalmomin sirri su tsaya a hannun mutum ɗaya, kome amincinsa, gama yana iya yin ciwo, ya sake aiki, ko ya yi fushi. A rubuta su, a rufe cikin ambulan, a sa a akwatin ajiyar kuɗi na ofis, a sabunta duk lokacin da aka yi canji. Hukumar San Faransisko ta yi sa'a wuta ba ta goge mata tsarinta ba cikin kwanakin nan 12. Ya kamata kowane shugaban ofis ya kira ma'aikacinsa ya tambaye shi inda kwafin yake, da ranar da aka ɗauke shi, da kuma wane ne na biyun da ke iya buɗe shi.