Tsiron Ƙashi da Raunin Yatsa: A Daina Cewa "Tsufa Ne Kawai"

Idan dattijo ya fara ɗingishi a gidajenmu, bayanin da ake yi ba ya wuce biyu: "tsufa ne" ko "sanyi ne". In ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a ƙaro na uku, a ce ya taka wani abu. Daga nan a aiki yaro kemis ya karɓo haɗi, ko a kira wanzami ya yi tsaga. Da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya ɗaga ƙafar ya duba. Alhali kuwa ciwon yana da sanadi da aka sani, kuma sau da yawa abin da muke yi masa da sunan magani ya fi shi ɓarna.

Ƙafa ɗaya, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. A bakin kowace gaɓa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Shekaru da nauyin jiki da tsohon rauni suna cinye wannan guringuntsi, sai jiki ya yi ƙoƙarin gyara ta hanyar ƙara ƙashi a gefen gaɓar. Wannan ƙarin shi ne tsiron ƙashi. Ba ƙari ba ne irin na daji, ba ya yaɗuwa, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da irin wannan zaizayewar gaɓoɓi, kusan kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kuma mata sun fi yawa.

A ƙafa, wuri biyu tsiron ya fi fitowa. Na farko ƙarƙashin dunduniya. Mai shi zai gaya maka cewa takun farko da asuba, lokacin da ya sauko daga gado zai je alwala, ji yake kamar ya taka ƙusa. In ya ɗan zagaya tsakar gida ya lafa, in ya zauna ya daɗe ya miƙe ya dawo. Ana ɗaukar hoton ƙashi a ga ɗan tsini, sai hankali ya tashi, a ce ga ƙayar da ke sukarsa. Ba haka abin yake ba. Mutane da yawa suna da wannan tsinin ba su taɓa jin komai ba. Zafin daga wata faffaɗar jijiya mai tauri yake, wadda ta taso daga dunduniya ta bi tafin ƙafa har gindin yatsu. Ita ce ke wahala idan aka yini a tsaye kan siminti, ko ana yawo da silifas ɗin da ya suɗe har ana jin tsakuwa. Shi ya sa ba a gaggawar yanka. Takalmi mai laushin dunduniya, rage ƙiba, da miƙar da jijiyar suna wadatar da mafi yawan mutane cikin watanni. Kafin ka sauko daga gado, ka rataya tawul ko ɗankwali a tafin ƙafa, ka ja yatsu zuwa gare ka na rabin minti, ka maimaita. Da yamma a mirgina gorar ruwa mai sanyi a ƙarƙashin tafin. Sai dai abin yana son haƙuri, wanda ya yi kwana uku ya bari kada ya ce bai yi aiki ba.

Wuri na biyu shi ne gindin babban yatsa. Nan tsiron kan fito ta sama, ya zama ƙulli mai tauri da takalmi ke goga, yatsan kuma ya ƙi lanƙwasuwa. Masallaci ne ke fara tona shi: sujada ta zama aiki, kafe ƙafar dama a zaman tahiya ya gagara. Akwai dattawan da ke danne yatsan da ƙarfi suna cije leɓe, don kunyar a gan su a kan kujera. Addini bai ɗora musu wannan ba, malamai sun yi bayanin sallar mai larura. Takalmi mai faɗin baki da ƙasa mai tauri, wanda ba ya naɗewa a tsakiya, yana rage zafin sosai. In duk an yi bai yi ba, likitan ƙashi na iya kankare tsiron ko ya haɗe gaɓar, irin aikin da ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da sauran manyan asibitoci. Amma in yatsan ya kumbura dare ɗaya, ya yi ja, ya ɗau zafi har mayafi ba ya iya taɓa shi, wannan wata cuta ce daban da ke zuwa daga taruwar wani sinadari a jini, ko kuma ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓar. Gwaji ne zai raba gardama.

Sai raunin yatsa, wanda kowa ya raina. An ɗauke wuta, Baba ya fito zagayawa ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Taɓarya ta suɓuce ta faɗo wa Inna a ƙafa. Maganar da aka saba ji ita ce, "Tunda ina iya takawa ai ba karaya ba ce." Ana takawa da karyayyen yatsa sarai. Idan ƙaramin yatsa ne, bai karkace ba, fata ba ta fashe ba, a ɗaga ƙafar bisa matashi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a sa auduga tsakaninsa da na kusa da shi, a haɗa su da filasta ba tare da matsewa ba. Yakan haɗe cikin mako 4 zuwa 6. Idan kuwa babban yatsa ne, ko ya karkace, ko akwai rauni a buɗe, ko ya yi sanyi ya canza launi, asibiti za a nufa a ranar. A tambayi allurar tetanus in ƙarfe ko ƙasa sun shiga raunin. Karayar da ta taɓa gaɓa aka bar ta ta haɗe a karkace, ita ce bayan shekaru take dawowa da tsiron ƙashi.

Ba a musun cewa masu ɗori sun taimaki jama'a a wuraren da babu asibiti. Amma ƙafar tsoho ba ta samun jini kamar ta yaro. A ɗaure ta tamau da karare da tsumma, kumburi ya taso bai sami wuri ba, jini ya tsaya, yatsa ya yi baƙi. Wanda ya yi baƙi ba ya dawowa.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai ciwon suga, musamman wanda bai san yana da shi ba. Suga yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, sai mutum ya yini da tsakuwa a takalmi bai ji ba. A sa masa ƙafa a ruwan gashi ya sale bai sani ba. Lokacin hunturu ya miƙa ta kusa da kaskon wuta ya yi barci. Mai yankan farce na bakin kasuwa ya zurfafa almakashi a gefen yatsa, ko a sa reza a fere kanta ko kaushi, ɗan jini ya fito a share. Bayan mako biyu wurin ya fara ruwa da wari, sai a ce daji ne, wai ba ya son allura, a koma shafe-shafe. A wannan jinkirin ake rasa yatsa, wani lokaci har ƙafa. Mai suga ba ya jiran gobe da rauni a ƙafa, komai ƙanƙantarsa, kuma ko filastar nan ta haɗa yatsu kada ya yi wa kansa sai ma'aikacin lafiya ya gani.

Haɗin kemis kuwa sai an yi magana a kansa da babbar murya. Ƙullin ledar nan mai ƙwaya huɗu ko biyar, sau da yawa diklofenak ne da ibufurofen ko firoksikam a tare, duk dangi ɗaya, wani lokaci da deksametazon a ciki. Tsoho ya sha ya ji garau, ya mayar da shi abincin kullum. Waɗannan magunguna suna cin bangon ciki har ya yi jini, suna raunana ƙoda, suna tayar da hawan jini. Deksametazon kuma ya haura da suga, ya kumbura fuska, ya rage ƙwarin ƙashi. Wanda ya ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin yana shan su, ya dakata ya tafi asibiti. Farasitamol bisa ƙa'ida da man shafawa na rage zafi sun fi sauƙin illa, sauran kuma sai da izinin likita da adadin kwanaki.

Wani abin da ba a lura da shi: mai ciwon ƙafa yakan sauya taku don kare wurin, daga nan gwiwa da ƙugu su ɗauka, ga faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 sun fi yawa. Maganin ba a ce "Baba ka zauna ka huta" ba ne, domin zaman ne ke ƙarasa gaɓoɓin. A ba shi sanda in yana buƙata, ya ci gaba da zuwa masallaci da majalisa.

'Ya'ya da jikoki, wannan aikin naku ne. Ku riƙa duba tafin ƙafar iyayenku da tsakanin yatsu da fitila, tunda ido da baya ba sa barinsu su gani da kansu. Ku yanke musu farce a miƙe da abin yankan gida, ku ajiye tocila kusa da gado, ku sauya silifas ɗin da ya mutu da takalmi mai rufe yatsu. In kuma ba a taɓa auna musu suga ba, ku kai su a auna a wannan makon.